Hitar kananzir da ba ta da famfon mai: abin da ya faru a wani gareji a Ohio

Garejin na gyaran motoci ne, a gefen birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka. Ginin bulo ne mai rufin kwano, da babbar ƙofa da ake ja sama mota ta shige. Mai wurin dattijo ne da ake kira Alhaji, Bahaushen zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar, kuma akwai samari da ke aiki a ƙarƙashinsa. A watan Janairu sanyin garin kan sauka ƙasa da sifili da dare, wani lokacin har ya zarce digiri 10 ƙasa da sifili, ya kuma wuni bai ɗaga ba. Wanda ya taɓa riƙe sifana a irin wannan yanayi ya san yadda yatsu ke ƙin lanƙwasuwa. Idan babu ɗumi a garejin babu aiki, idan babu aiki kuma babu kuɗin haya.

Abin da suke ɗumama wurin da shi hita ce ta kananzir, irin doguwar nan mai siffar bututu da ke kwance a kan tankinta, da tayoyi biyu da abin turawa. Ana sayar da irinta a Amurka da sunaye kamar Reddy Heater da Master da Dyna-Glo, kuma duk wanda ya ratsa wurin gini ko rumbun manomi da hunturu ya ji rurinta. Ta garejin tsohuwa ce, fenti ya goge har ba a iya karanta sunanta, sai ɗan allon bayanai da ke gefe. Ƙarfinta, a ma'aunin zafi na BTU, kusan 100,000 ne a awa, wato kusan kilowat 29, kuma tunda galan ɗaya na kananzir yana ba da kusan BTU 135,000, tana shan abin da ya kai lita 2.8 a kowace awa.

Ƙorafin da aka kira ni a kansa ɗaya ne. A kunna ta, fanka ta tashi, wuta ta kama da ƙyar, bayan 'yan daƙiƙoƙi komai ya tsaya cak. Sai farin tururi ya biyo baya daga bakinta, da warin ɗanyen kananzir mai hawa kai.

Kafin in iso sun riga sun gwada abin da suka sani, kuma kowane mataki da suka ɗauka yana da hujjarsa a wurin mai gyaran mota. Sun zubar da man da ke tanki sun zuba sabo. Sun sayi sabon ido, wato ɗan na'urar da ke leƙa ɗakin wuta ta tabbatar tana ci, suka sauya. Da suka ji wani ɗan kuka yana fitowa daga bayan injin, ɗaya daga cikin samarin ya fesa man warware tsatsa ta ramin da iska ke shiga, kukan ya yi shiru. Akwai wani sukuru a murfin baya, shi ma sun murɗa shi ciki da waje da ka, ba tare da an auna komai ba. Ƙaramin cikinsu kuma ya zo da shawarar a haɗe wayoyin idon yadda na'urar za ta ɗauka kullum akwai wuta, ta daina kashe kanta. Alhaji bai yarda ba tukuna, amma sanyi ya fara sa shi tunanin yarda.

Da na durƙusa gabanta ya ce mini, "Malam, ni dai a ganina famfon mai ne ya mutu. Ka duba mana nawa ne sabo."

Na ce, "Alhaji, ai wannan ba ta da famfon mai."

Bai ce komai ba, ya dai dube ni duban wanda ya shekara talatin yana ciro famfon mai daga tankin mota. Tanki yana ƙasa, wuta tana sama, mai kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Tambayarsa daidai take, kuma amsarta ita ce dukan wannan lamari.

Injin lantarki guda ɗaya ne a cikin hitar, sandarsa ta fito gaba da baya. A gaba tana juya fanka, wadda ke tura iska mai yawa ta cikin bututun: wani kaso ya shiga ɗakin wuta ya ciyar da ita, saura ya bi ta gefe ya kwashi zafi ya fito. A baya kuma sandar tana juya wani ƙaramin famfon iska da bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai dunƙulen baƙin gawayi irin na bakin fensir, ana ce masa rota, an tsaga shi wuri huɗu, a kowace tsaga akwai ɗan falle na gawayin da ke zamewa ciki da waje. Rotar ba a tsakiyar zoben ƙarfen da ya kewaye ta take ba, ta ɗan karkata sama. Idan ta juya, gudu yana wurga fallayen waje su manne da bangon zoben, su raba wurin zuwa 'yan ɗakuna huɗu. A gefen da ke da faɗi ɗakin yana buɗewa ya zuƙi iska, a gefen da ke da matsi yana tsukewa ya tura ta waje. Kafin iskar ta shiga sai ta ratsa soso, bayan ta fito kuma sai ta ratsa wata filta ta ƙyalle mai kauri, wadda aikinta tare ƙurar gawayin da fallayen ke zubarwa yayin da suke gogar bango. Sukurun da samarin suka yi ta murɗawa yana danne wani sifirin ne, sifirin ɗin yana danne 'yar ƙwallon ƙarfe a bakin wani rami. Iskar da ta yi yawa tana ɗaga ƙwallon ta fice. A ɗaure sukurun matsi ya hau, a sassauta ya sauka.

Matsin da ake magana a kai kaɗan ne ƙwarai. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar fam 32 zuwa 35. Irin waɗannan hitoci yawanci suna aiki ne tsakanin fam 3 da 6, kowace da lambarta rubuce a allon bayanai.

Daga famfon, siririn tiyo yana kai iskar zuwa nozul, wato bakin da ke fesa man. A nozul ɗin hanyoyi biyu ne suke haɗuwa. Ta tsakiya ta mai ce, tana da nata tiyon da ya gangara cikin tanki, da 'yar filta a hanya. Ta kewaye kuma ta iska ce, an yi mata 'yan tsagogi a karkace yadda iskar za ta fito tana murɗawa, ta matse ta wani ƙaramin rami daidai bakin hanyar man. Iskar da aka tilasta wa bin ƙuntataccen wuri dole ta ƙara gudu, kuma inda gudunta ya ƙaru matsinta yana faɗuwa. A daidai bakin hanyar man matsin yakan faɗi ƙasa da na iskar duniya. Shi kuwa man da ke cikin tanki iskar duniya tana danne shi ta ɗan ramin numfashi da ke murfin tankin. Danniya a ƙasa, sauƙi a sama, sai man ya hau tiyon. Yana leƙowa iskar nan mai murɗawa ta yayyage shi ya zama hazo, fulogi ko ɗan ƙarfen kunnawa mai jan zafi ya kama shi da wuta.

Duk wanda ya tsaya wurin masu fentin mota ya ga wannan da idonsa. Bindigar fenti mai gwangwani a ƙasa ba ta da abin da ke tura fentin sama, iskar kwamfaresa da ke wucewa ta bakinta ce ke jawo shi ta fesa. Asalin bindigar ma daga wannan jihar ta Ohio yake: wani likita a Toledo, Allen DeVilbiss, ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaro a 1888, ɗansa Thomas ya mai da dabarar ta fenti a 1907. Lissafin da ke ƙarƙashinta ya girme su duka. Daniel Bernoulli ya bayyana dangantakar gudu da matsi a 1738, Giovanni Battista Venturi kuma ya yi gwaje-gwajensa a kan ƙuntataccen bututu ya wallafa a 1797.

Akwai wata hanyar ta daban, wadda Alhaji yake tsammani. Tukunyar ɗumama gida mai amfani da mai, da manyan hitoci masu tsada, suna da famfon mai na gaske mai haƙora, wanda ke matsa man zuwa fam 100 ko fiye ya tura shi ta ramin da ido da ƙyar yake gani. Wannan tsari ya fi daidaito, ba ya damuwa da ko tanki cike yake ko saura kaɗan. Amma yana da tsada, kuma ƙwayar datti ɗaya tana toshe ramin. Tsarin iska ya fi arha, hanyar mansa ta fi faɗi, kuma yana da wata fa'ida da nake ganin ba a yaba mata yadda ya kamata: da injin ya tsaya iska ta tsaya, da iska ta tsaya man ya koma tanki da kansa. Ba a buƙatar wani bawul da zai rufe, balle a ji tsoron ranar da zai ƙi rufuwa. Farashin wannan sauƙi shi ne iskar nan 'yar kaɗan tana ɗauke da ayyuka uku a lokaci guda. Ita ke ɗago man, ita ke ƙayyade yawansa, ita ke niƙa shi. Idan ta yi rauni, man da ke zuwa ya ragu, kuma wanda ya zo ɗin ya zo da manyan ɗigo da ba sa ƙonewa sosai. Fanka kuwa ba ta san an rage ba, tana nan tana hura iskarta cikakkiya a kan 'yar wutar da ta rage. Wutar ta yi shuɗi-shuɗi ta dusashe, idon ya kasa ganin hasken da yake nema, ya yanke lantarki. Farin tururin da ke biyo baya man da bai ƙone ba ne yake tashi daga ƙarfe mai ɗumi.

Saboda haka ba a fara binciken irin wannan hita daga tanki. Daga geji ake farawa, kuma ba gejin taya ba, don allurarsa ba ta ma motsawa sosai a fam 4. Ana son wanda ma'auninsa ya tsaya a fam 15. A murfin baya, kusa da sukurun, akwai wani toshi da aka tanada don haka. Muka cire shi muka ɗaura gejin, aka kunna. Allon bayanai yana neman kusan fam 5. Allurar ta tashi tana rawa, ta kasa kaiwa 3. Na ɗaure sukurun a hankali, allurar ba ta ƙara ko kaɗan ba. Wannan kaɗai ya faɗi abu mai yawa: ƙwallon ba ta sakin komai, famfon ne ba ya samar da iskar, ko kuma tana zurarewa kafin ta iso.

Da muka kwance murfin, soson shigar iska ya toshe da ƙurar gareji, irin mai haɗe da burbushin birki da maiƙo. Filtar ƙyallen ta koma baƙa ƙirin, ta yi tauri. Littattafan masu ƙera irin waɗannan hitoci suna cewa a wanke soson da ruwa da sabulu a shanya shi bayan awa 500 na aiki, ita kuma filtar ƙyallen a sauya ta bayan awa 500 ko sau ɗaya a shekara. Babu wanda ya tuna ranar da aka taɓa buɗe wannan. Abin da ya fi muni yana can ciki. Man da aka fesa don kashe kuka ya haɗu da ƙurar gawayi ya zama baƙin kwaɓi mai danƙo, biyu daga cikin fallayen huɗu sun maƙale a tsagoginsu ba sa fitowa. Yaron da ya fesa bai yi da mugunta ba, a duniyar da ya sani duk abin da ke juyawa yana kuka mai yake nema. Wannan famfon a bushe aka yi shi ya yi aiki, gawayin da kansa shi ne man shafawarsa. Kukan ya yi shiru ne saboda fallayen sun daina taɓa bango, wato famfon ya daina aikinsa.

Muka wanke zoben da faifan ƙarfen muka busar, aka sayo sabuwar rota da fallaye da filtoci, waɗanda duka tare ake sayar da su a 'yar leda kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wajen mayarwa akwai abu ɗaya da ba a yi da ka. Tazarar da ke tsakanin saman rota da zoben ana saita ta da fila geji, wato siririn fallen ƙarfe na awon tazara, inci 0.003 zuwa 0.004, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ta yi faɗi, iska ta koma baya ta wurin. Ta yi matsi, rotar ta goga ta fashe. Bayan an ɗaure aka kunna, allurar ta haura 4 ta tsaya. Muka shafa ruwan sabulu a kewayen murfin robar, sai ga kumfa na tashi daga wani siririn tsagu kusa da ramin sukuru, inda ɗaurin da aka yi masa fiye da kima ya fasa shi. Da aka sa sabon murfi, matsin ya hau har ya wuce, muka sassauta sukurun ya zauna daidai lambar da ke allon. Wuta ta kama nan take. Faifan da ke bakin hitar ya yi ja, babu harshen wuta da ke leƙowa waje, wari ya ɗauke.

Da a nan lamarin ya ƙare da bai cancanci a rubuta shi ba. Washegari da rana Alhaji ya sake kira. Ta yi aiki lafiya tun safe, sai kuma ta fara shaƙewa, wutar tana sama tana ƙasa, ta mutu. Sun cika tanki, ta tashi kamar ba ita ba. Da man ya sauka wajen rabi, ta sake.

Geji ya nuna matsin iska bai motsa daga inda muka bar shi ba. To matsalar tana ɓangaren zuƙa. A nan ne mutum zai gane ƙanƙantar ƙarfin da ke ɗago man. Ɗaga kananzir tsawon santimita 20 yana buƙatar kusan rubu'in fam ɗaya ne kacal, kuma zuƙar da nozul ke yi ba ta da rara mai yawa a kan hakan. Kamfanonin da ke ƙera irin wannan nozul, kamar Delavan, suna ba da jadawalin yawan man da zai fesa gwargwadon abu biyu, matsin iska da kuma tsawon da man zai hau, domin kowane santimita yana rage wani abu. Shi ya sa tankunan waɗannan hitoci suke da faɗi ba zurfi: don kada tazarar ta canza da yawa tsakanin cike da wofi. Lafiyayyar hita tana jure wannan canji. Wadda ke zuƙar iska ta wani wuri a hanyar mai ba ta jurewa.

Muka cire tiyon man muka sa wani mai haske da ake ganin cikinsa, na ɗan lokaci. Da shi hitar ta ci gaba da ci har tanki ya kusa ƙarewa. Tsohon tiyon da muka lanƙwasa a hannu ya nuna tsagu a daidai inda yake kama bakin nozul, roba ta bushe da shekaru da zafi. Abin da ya ɓoye shi tun farko shi ne ba ya ɗigar da mai ko kaɗan. Makanike ya saba neman yoyo inda ya ga jiƙa, amma tiyon da ke ƙarƙashin zuƙa ba ya fitar da abin da ke cikinsa, shigar da na waje yake yi. Idan tanki na cike, hawan gajere ne, man yana rinjaye. Idan ya sauka, iskar da ke shiga ta tsagun ta fi man sauƙin jawowa, sai nozul ya koma shan iska. Muka sa sabon tiyo, muka sauya zoben robar da ke raba hanyar iska da ta mai a gindin nozul, don shi ma idan ya mutu iska kan bi ta hanyar man ta koma tanki tana kumfa. Muka kuma buɗe ramin numfashin murfin tanki da ya fara toshewa. Wannan ramin idan ya rufe, hitar kan yi mintuna tana ci sannan ta mutu, a buɗe murfi ta dawo.

Na tambayi abin da suke zuba mata. Kananzir idan an samu, dizal idan ya fi arha. Yawancin irin waɗannan hitoci an yarda su ci dizal, amma ba daidai yake da kananzir ba a wurin nozul mai zuƙa. Dizal ya fi kauri, sanyi yana ƙara masa kauri, kuma idan ya tsananta kakin da ke cikinsa yana fara daskarewa ya toshe filta. Famfo mai haƙora zai tura shi da ƙarfi. Iska mai fam 5 ba za ta iya ba, sai man ya ragu kuma ɗigonsa ya yi girma, wari da kunkunniya su ƙaru. Kananzir mai lamba 1-K, wanda ƙa'idarsa ta ce sulfur ɗinsa kada ya wuce kashi 0.04 cikin ɗari, shi ya fi dacewa da wurin da mutane ke tsaye suna shaƙa. Fetur kuwa ko kusa, don tururinsa na kamawa tun kafin ya isa inda ake so.

Maganar haɗe wayoyin ido ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma na faɗa wa Alhaji a gaban samarin. Idon nan abu ne mai sauƙi, ɗan faifan kadmiyam salfaid da ke barin lantarki ya wuce idan haske ya same shi, ya hana idan duhu ne. Duk tsawon kwanakin nan shi kaɗai ne ke faɗin gaskiya a cikin hitar. Da an rufe masa baki, injin zai ci gaba da juyawa bayan wuta ta mutu, nozul yana fesa hazon kananzir cikin ɗaki mai zafi, man yana taruwa yana gangarowa ƙasan bututun. Ranar da ya kama, a garejin da ke da fetur da tsumma mai maiƙo da mota a kan jak da mutum kwance a ƙarƙashinta zai kama. Yaron ya ce, "Baba Alhaji, ni fa na ga ana yi." Ana yi ɗin, na sani. Alhaji ya ce masa kada ya ƙara kawo maganar, ya kuma sa aka mayar da tsohon idon cikin akwatin kayan gyara, tunda lafiyarsa ƙalau.

Sukurun ma haka. Mutane suna ɗaure shi don su ƙara zafi, kuma zafin yana ƙaruwa, har harshen wuta ya leƙo daga baki. Sai dai fanka ba ta ƙara iskarta ba, an ƙara mai ne kawai. Wannan hita ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Duk abin da ta ƙona cikin ɗakin yake zama, a cikin iskar ɗumin da ake jin daɗinta. Ko tana ci daidai, kowace litar kananzir tana cinye iskar da ta kai kusan mita kubik 10, ta bar kusan kilo biyu da rabi na kabon dayoksaid da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, wanda shi ne raɓar da ke kwanciya a kan kayan aiki ta sa su tsatsa. Idan kuma mai ya fi iska yawa, ko iskar ɗakin ta fara ƙarewa, sai kabon monoksaid ya shigo. Ba shi da launi ba shi da wari, yana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200, kuma alamunsa na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da ma'aikaci zai ɗauka gajiya ce. Shi ne dai gubar hayaƙin janareto da na gawayi a rufaffen ɗaki, wadda ta sha kwashe iyali guda a dare ɗaya a garuruwanmu. Littattafan hitocin suna neman a bar buɗaɗɗen wuri na kusan santimita murabba'i 2,800 ga kowane BTU 100,000. Ga ƙofar gareji mai faɗin mita 3, ɗaga ta santimita 10 ya wadatar da ita. A garejin Alhaji an saba sauke ƙofar har ƙasa a toshe gefenta da tsumma. Yanzu akwai katako da ake sawa a ƙarƙashinta, da na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid a bango. Samarin suna gunagunin iskar da ke shigowa ta ƙafafunsu, Alhaji yana yi kamar bai ji ba.

Akwai durom na baƙin mai a kusurwar garejin, wanda suke tsiyayewa daga injinan motoci, kuma tambayar da na san za ta zo ta zo: tunda hanyar man nozul ɗin tana da faɗi, me zai hana a riƙa surka shi da kananzir? Tunanin ba na banza ba ne, domin hitocin da aka ƙera don cin baƙin mai da yawansu da iska suke fesa shi, saboda daidai wannan dalili. Amma an ba su abubuwan da wannan ba ta da su. Suna da kwamfaresa mai ƙarfi, suna dafa man da lantarki zuwa digiri 60 ko fiye kafin ya isa nozul don ya tsinke, suna da hanyar kai man nozul daidai gwargwado ba tare da dogaro da zurfin tanki ba, kuma sama da komai suna da bututun hayaƙi. Baƙin mai yana ɗauke da burbushin ƙarfe da sinadaran da aka zuba masa tun yana sabo, waɗanda ke zama toka da hayaƙin da bai kamata huhu ya gani ba. Dokar hukumar kare muhalli ta Amurka ta yarda gareji ya ƙona baƙin man da ya tara da kansa, ko wanda masu sauya mai a gida suka kawo masa, da sharaɗin hitar ba ta wuce BTU 500,000 a awa ba kuma hayaƙinta waje yake fita. Hitar Alhaji ta faɗi sharaɗi na ƙarshe tun daga ƙirarta. Ya ce zai tambayi kuɗin ta gaskiyar kafin hunturu mai zuwa.

Kamar garejin 'yan uwa da dama a can, wannan ma yana loda kwantena da motoci da tsofaffin kaya zuwa Tema da Legas, kuma ɗaya daga cikin samarin yana da niyyar aika irin wannan hita ga wansa mai kiwon kaji, don ɗumama 'yan tsaki lokacin hunturu. Na ce ya fara karanta allon bayanai. Wadda aka yi don Amurka tana cin volt 120 a kan hertz 60 (hertz shi ne yawan kai-da-komon lantarki a daƙiƙa), Ghana da Najeriya da Nijar kuwa volt 220 zuwa 240 ne a kan hertz 50. Taransifoma zai gyara volt, ba zai gyara hertz ba. Injin da ke juyi 3,450 a minti a Ohio zai sauka zuwa kusan 2,850 a Kumasi ko Zariya, fanka da famfon iska kuma a sanda ɗaya suke, duka za su ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Idan aka ɗaure sukuru aka mayar da matsin zuwa lambar da ke allon, mai ya koma cikakke alhali iskar fanka ba ta koma ba, a ɗakin da aka rufe da leda, cike da tsaki da numfashinsu ya fi na mutum sauri. Akwai irin hitar da aka ƙera don kasuwar Turai a kan volt 230 da hertz 50, ita ya kamata ya nema, ya haɗa da geji mai fam 15 da ledar filtoci da rota a cikin kwalin.